Tambayi Mai Gyara Kafin Ka Biya Kuɗin Waya

Ƙannena da ke neman na kanku a Fatakwal da Anaca da Inugu, akwai wata irin waya da ta fara shiga ranku a 'yan shekarun nan, kuma gara mu yi mata lissafi tun kuɗin yana aljihu. Ba Tecno da itel da kowa ya sani nake nufi ba, iPhone ma maganarta daban ce. Ina nufin wayoyin da aka ƙera domin mayun waya, mutanen da wayar ita kanta ce abin sha'awarsu: RedMagic mai fanka a ciki, ROG Phone ta kamfanin Asus, Black Shark, manyan OnePlus, Poco, Nothing mai fitilu a baya, da Pixel ta Google. Masu baje kolin waya a YouTube da TikTok sun iya tallarsu. Za su ɓare kwali a hankali, su jero lambobi, su kunna gem, har mai kallo ya ji wayar da ke hannunsa ta zama abin kunya. Ba na cewa waɗannan wayoyi jabu ne. Yawancinsu an ƙera su da ƙwarewa, kuma abin da aka ce suna yi, suna yin sa. Abin da nake cewa shi ne amfanin waya ba ya ƙarewa a abin da aka zuba mata a masana'anta. Rabinsa yana cikin garin da za ka riƙe ta: wutar da za ka yi caji da ita, sabis ɗin unguwarku, mai gyaran da zai karɓe ta in ta faɗi, da wanda zai saye ta in ka matsu. Idan aka auna da wannan ma'auni, wayar 'yan sha'awa ba ta cika biyan buƙatar mai neman abinci a Kudu ba.

Yana da kyau ka san inda wannan kasuwa ta samo asali. A shekarar 2014 wani sabon kamfani a Shenzhen ta ƙasar Sin ya fitar da OnePlus One a kan dala 299, kusan rabin kuɗin manyan wayoyin Samsung da Apple na lokacin, alhali injinta bai gaza nasu ba. Ba a ma sayar da ita haka kawai, sai wanda aka ba shi goron gayyata ta intanet. Waɗanda suka yi rububinta mutane ne masu son buɗe cikin manhajar waya, su cire wannan su sa wancan, su kwana suna gardama a kan saurin firosesa. Daga nan sauran suka biyo baya. Razer ta fitar da wayar gem a 2017, a 2018 kuma aka ga ROG Phone da Black Shark da RedMagic da Poco F1. Duk wanda ya zauna zana irin wannan waya yana da hoton mai saye a ransa: mutum mai wuta dare da rana, mai intanet na gida wanda ba a ƙirga masa data, mai wata wayar a ajiye in wannan ta lalace, wanda kuma zai aika da ita kamfani ta gidan waya a dawo masa da sabuwa. Dubi wannan hoto da kyau, ka gani ko kai ne a ciki.

Mutanenmu ba jiya suka zo waɗannan garuruwa ba. Tun da layin dogo ya haɗa Fatakwal da Inugu a 1916, aka kuma gama gadar jirgi ta Makurɗi a 1932, shanu da albasa da wake suke gangarowa, manja da goro suna haurawa. Malam Umaru Altine, Bafulatanin Sakkwato da fataucin shanu ya kawo shi, har magajin garin Inugu ya zama a shekarun 1950. Abin da wannan fatauci yake ci tun wancan zamani shi ne labari: nawa buhu yake yau a can, nawa yake a nan, motar waye ta taso, ta waye ta lalace a hanya. Da can sai a jira ɗan aike ko direba. Tun da GSM ta shigo a 2001, wannan aiki ya koma kan waya kacokan. Dubi dillalin albasa da asuba in tirela ta iso daga Aliero bayan kwana biyu ko uku a hanya. Waya na manne a kunnensa, kafaɗa ta tokare ta, hannu ɗaya yana ƙirga buhuna, ɗayan yana nuna wa 'yan dako inda za su jibge. Mai kaya na kira daga Kebbi, mai saye na cewa ya tura kuɗi a duba alat, direba na jiran a sallame shi. Haka abin yake a Ama Hausa ta Inugu, da kasuwar shanu ta Ugwuoba, da wajen Bida Road da Sokoto Road a Anaca, da kasuwannin Mile 1 da Mile 3 a Fatakwal. Me wannan bawan Allah yake nema a wurin waya? Ta kai shi dare ba ta mutu ba, ta ɗauki layi biyu, a ji magana cikin hayaniya, WhatsApp ya tafi, manhajar banki ta buɗe, in ta faɗi ƙasa ta tashi. Ke ma ƙanwata mai sayar da atamfa da turaren wuta ta hanyar sa hotuna a WhatsApp, buƙatarki ba ta yi nisa da wannan ba.

Wayar 'yan sha'awa kuwa abin da take tinƙaho da shi daban ne. Za a ce maka ta ci maki kaza a gwajin AnTuTu, sikirinta na sabunta hoto sau 144 ko 165 a cikin daƙiƙa ɗaya, tana da maɓallai a gefe na harbi a PUBG da Call of Duty. Duk gaskiya ne, amma babu ko ɗaya da zai sa alat ya shigo da wuri. Saurin tura kuɗi yana hannun sabis da na'urorin banki, kuma wayar dubu ɗari da wayar miliyan ɗaya layi guda suke bi su jira. Su kansu lambobin ma ba abin rantsuwa ba ne. A 2017 an kama OnePlus tana sa wayarta ta ƙara ƙaimi idan ta gane manhajar gwaji ce ake gudanarwa, a 2018 aka kama Huawei da irin wannan, a 2022 kuma masu gwajin Geekbench suka cire wasu manyan wayoyin Samsung daga jerinsu saboda wayoyin na rage gudu a cikin gem amma su saki jiki a wurin gwaji. Wato makin da ya sa ka raina wayarka, wani lokacin ko a hannun mai wayar ba ya fitowa. Doki ne na hawan salla, ga kwalliya ga sukuwa, amma ba shi ake ɗora wa buhun gero a kai kasuwa ba.

Sai maganar caji, wadda ita ce ta farko da za ta fara ba ka haushi. A nan dole a yi adalci: wayoyin gem da yawa suna da babban batir, wasu ROG har 6,000 suke kaiwa a ma'aunin batir. Amma injin da ke cikinsu da sikirin mai gudu suna zuƙar wuta daidai ƙarfinsu, kuma akwai Tecno da Infinix da ƙananan Samsung masu batir 5,000 zuwa 6,000 da injin da bai kai wancan ci ba, a kan kuɗin da bai kai sulusi ba. Abin da aka fi yi maka romon baka da shi shi ne cajin gaggawa, a ce minti ashirin ko talatin ta cika. Ba a cika gaya maka cewa wannan sai da cajarta ta asali da igiyarta ta asali ba. To kai kuma ina kake caji? Wutar EEDC a Anaca da Inugu, ko ta PHED a Fatakwal, ba kowace unguwa take wadata ba, kuma unguwannin da aka sa a rukunin A sun ga kuɗin wuta ya tashi zuwa naira 225 kowane ma'auni a watan Afrilun 2024. Shi ya sa shagon mai caji bai mutu ba. Ka san shi: katako an kafa masa soket jere-jere, ƙaramin janareta na kuka a waje, wayoyi birjik kowace da 'yar takarda mai lamba a manne a bayanta, a ba ka irin lambar ka riƙe. A kan wannan katako cajar gama-gari ce ke aiki, kuma wayarka mai cajin gaggawa za ta sha wuta a hankali kamar ta kowa. Ko ka kai tata cajar ka bar ta a can cikin fargaba, ko ka haƙura da saurin da ka biya kuɗinsa. In cajar ta ƙone, kuma wutar janareta ba ta da tabbas, samun ta asali a Anaca wani aiki ne na daban.

Amma inda maganar ta fi nauyi shi ne gyara, kuma a nan nake so ka tsaya ka yi tunani sosai. Waya tana faɗuwa. Ba a tambayar ko za ta faɗi, sai dai yaushe, musamman a hannun mai tuƙa keke ko babur, ko mai hawa tirela yana sauke kaya, ko mai tsire da hannunsa ba ya rabuwa da mai. Ga kuma ruwa. Wanda ya taso a Katsina ko Gusau bai san damina ba sai ya zo Fatakwal, inda ruwan shekara ke haura milimita 2,000, ninki biyu ko fiye na abin da Kano ke samu, kuma iska kanta jiƙe take ko ba a ruwa. Wayar da aka huda wa ƙofofin iska domin fanka ba za ta iya toshe ruwa da ƙura kamar wadda aka rufe ruf ba, shi ya sa wayoyin gem da yawa kariyarsu daga ruwa ba ta kai ta sauran manyan wayoyi ba. To ranar da sikirin ya fashe ko bakin caji ya daina kamawa, ina za ka? A Fatakwal za ka nufi Garrison, a Anaca ka shiga Emeka Offor Plaza. Za ka tarar da mai gyara a bakin teburinsa, ga na'urar hura zafi, ga ƙarfen narka dalma, ga ƙananan sukurori a cikin murfin kwalba, ga tsofaffin wayoyi jibge a aljihun tebur waɗanda yake cire wa kaya. Miƙa masa Tecno Spark ko Samsung mai lamba A, ko kallo biyu ba zai yi mata ba, zai aiki yaro shagon da ke gefe ya kawo sikirin, ka zauna a benci kafin la'asar ka karɓi abarka. Miƙa masa RedMagic ko Nothing, sai ya juya ta gaba da baya, ya kira wani a Computer Village ta Ikeja, wancan ya ce sai dai a yi oda daga Sin. Daga nan maganar ta koma ta makonni, da kuɗin da aka lissafa da dala, kuma ba wanda zai ba ka tabbacin abin da zai iso shi ne daidai.

Wannan ba laifin mai gyara ba ne, lissafin kasuwa ne. Mai sayar da kayan gyara ba zai zuba jarinsa a sikirin wayar da mutum biyar kawai ke riƙe da ita a duk garin ba. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, ya fahimci haka tun da wuri. Bai ci kasuwar Afirka da injin da ya fi na kowa ba. Ya ci ta ne da layi biyu a lokacin da kowa ke yawo da waya biyu saboda sabis, da batir mai daɗewa, da kyamarar da aka daidaita ta da baƙar fata, da kuma cibiyoyin gyara na Carlcare da ya baza a manyan birane. Yau kusan rabin wayoyin zamani da ake sayarwa a Afirka nasa ne. Google kuwa ba ta sayar da Pixel a Najeriya a hukumance, duk wadda ka gani wani ne ya shigo da ita, kuma garantin da ke kanta ba ya tsallako teku. Ka tuna matsalar koren layi da ta riƙa fitowa a sikirin wasu OnePlus. A Indiya, inda kamfanin ke da ofisoshi da miliyoyin masu saye, dole ta sa a 2023 ya yi alkawarin canza sikirin kyauta ga waɗanda abin ya shafa. Wanda ya sayi irin wayar a hannun ɗan kasuwa a Inugu, wa zai kai wa kuka? Makonni uku ba waya, ga mai sana'ar da duk cinikinsa ke kanta, asara ce da ta fi kuɗin sikirin: abokin ciniki ya kira sau biyu bai samu ba, ya koma wurin wani.

Akwai kuma tarkon da ba a gani da ido. Wasu daga cikin waɗannan wayoyi an yi su ne don kasuwar cikin gida ta Sin, inda ba a amfani da manhajojin Google. 'Yan kasuwa kan yi musu dabara su ɗora wata manhaja kafin su sayar, wayar ta yi kamar lafiya lau. Matsalar ita ce manhajojin banki da yawa suna bincikar waya, in suka ga an taɓa buɗe makullin cikinta sai su ƙi aiki. Abin da ɗan sha'awa yake alfahari da shi, wato 'yancin buɗe cikin waya, shi ne daidai abin da banki yake gudu. Wanda ya ga wahalar ƙarancin takardun naira a farkon 2023, lokacin da ciniki ya koma kan OPay da PalmPay da Moniepoint, ya san ma'anar waya ta ƙi buɗe banki da rana tsaka mai saye na tsaye. Wayoyin da suka fito daga Amurka wasu a ɗaure suke da kamfanin layi na can. Wasu kuma ba sa kama duk zangon 4G da kamfanoninmu ke amfani da shi, sai ka ga wayar miliyan tana rarrafe a inda ta maƙwabcinka ke gudu. Kusan dukkansu ba su da gurbin memori, alhali memori nan ne inda mutanenmu ke tara karatun Alƙur'ani da wa'azi da finafinai don kada su ƙona data. Ita ma 5G da ake kwaɗaita maka, MTN ta fara ta a 2022 a birane bakwai har da Fatakwal, amma kasancewarta a gari ba ya nufin ta iso lungunku, kuma tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, gudun da ke cinye data da sauri ba lallai alheri ba ne ga aljihu.

In kana ganin tsoro ne kawai irin na manya, dubi abin da ya faru da masu ƙera wayoyin da kansu. Essential, kamfanin Andy Rubin, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Android, ya fitar da waya guda a 2017 ya rufe a 2020. Razer ta tsaya a waya ta biyu. LG, wadda ta yi ta gwada wayoyi masu ban mamaki, ta bar harkar gaba ɗaya a 2021. Lenovo ta daina wayoyin gem na Legion a 2023. OnePlus ta tsira, amma sai da ta fito da Nord mai matsakaicin kuɗi a 2020, sannan ta ƙara shigewa jikin Oppo. Carl Pei, wanda ya bar OnePlus ya kafa Nothing, shi ma bai daɗe ba ya fara fitar da masu araha. Ko a ƙasashen da ke da wuta da kuɗi, 'yan sha'awa ba su kai yawan da za su riƙe kamfani ba, dole sai an koma wurin talaka. Kamfanin da ya rufe kuwa ya bar masu wayarsa da marainiya, ba sabuntawa ba kayan gyara.

Yanzu kuɗi. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wayar dala 600 ta zama ta naira 900,000 tun kafin a sa kuɗin shigowa da ribar mai shago, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Albashin shekara guda cur bai kai ba. Ga ɗan kasuwa wannan jari ne, kuma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sannan mu a wurinmu waya ajiya ce. In aka kira daga gida an kwantar da mahaifiya, ko rikici ya tashi dole a tura iyali Arewa cikin gaggawa, abin da ake fara sayarwa ke nan. iPhone da Samsung da Tecno suna da masu saye a kowane lokaci, kowa ya san kuɗinsu. Wayar da ba a sani ba sai an yi ta bayani, kuma mai saye da ya ga ka matsu, ya kuma san ba ta da kayan gyara, zai taya ta tayin wulaƙanci.

Na san abin da za a ce. Na farko, araha ba ta ado, mai tsada ta fi daɗewa. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba ina kiran ka zuwa mafi arhar waya a kasuwa ba. Masu arha suna da nasu ciwon: tallace-tallace da ke faɗowa ba sallama, tarkacen manhajoji da ba ka nema ba, sabuntawa da ke tsayawa da wuri, waya ta fara nauyi bayan shekara biyu. Gaskiya ne kuma Google da Pixel 8 a 2023, da Samsung da Galaxy S24 a 2024, sun yi alkawarin shekara bakwai suna sabunta manhaja. Amma wayoyin gem ba sa cikin wannan sahu, yawancinsu sabuntawar Android biyu ko uku ce iyakarsu. Kuma alkawarin shekara bakwai na manhaja ne, bai shafi batir da sikirin ba. Batir yakan gaji cikin shekara biyu zuwa uku, zafi kuma na ƙara masa tsufa. Wayar da za ta kai shekara bakwai ita ce wadda za a iya canza wa batir sau biyu a garin da kake. Mun dawo wurin mai gyara ke nan.

Na biyu, wani zai ce shi sana'arsa ɗaukar bidiyo, ko yana fatan ya zama ɗan gem mai samun kuɗi. Wanda da gaske wannan ce hanyar abincinsa, wayar ta zama kayan aiki, kuma lissafinsa daban ne, ba da shi nake ba. Sai dai ko shi ya sani cewa wayoyin gem ba su shahara da kyamara ba, a wurin injin aka kashe kuɗin. WhatsApp da TikTok kuma suna matse hoto da bidiyo kafin su isa wurin mai kallo, har bambancin da ka biya dubban ɗaruruwa dominsa ya kusa ɓacewa. Haske mai kyau da 'yar makirfo ta maƙalawa a riga sun fi gyara bidiyo a kan ƙarin lambobin kyamara. Tambayar da zan yi maka ita ce: sana'ar ce ta riga ta fara kawo kuɗi har ta nemi wayar, ko wayar kake so sai ka nemo mata sana'a?

Na uku shi ne wanda na fi girmamawa: kuɗina ne, gumina ne, ina da ikon in ji daɗinsu. Haka ne. Saurayin da ya wuni yana dako ko gadi a garin da ba nasa ba, ba wanda ya isa ya hana shi abin da zai sanyaya masa rai da dare, kuma gem ya fi abubuwa da yawa da samari ke faɗawa. Ba na cikin masu ganin duk abin da matashi ya so israfi ne. Amma ka kira abin da sunansa. In sha'awa ce, a saye ta da rarar kuɗi bayan an cire jari da na gida da na ko-ta-kwana, kuma kada ta zama ita kaɗai ce wayarka. Abin da ba na so shi ne a ci bashi ko a shiga biya kaɗan-kaɗan saboda ita, ana ce wa kai ai don kasuwanci ne. Free Fire da eFootball da PUBG duk suna tafiya a matsakaiciyar waya. Har Infinix ta fito da jerin GT a 2023 domin masu gem, kuma ko ba ta kai RedMagic ƙarfi ba, kayan gyaranta sun fi kusa da kai. Masu cewa 'yan sha'awa ne ke jawo ci gaba ma ba su yi ƙarya ba: sikirin mai gudu a wurinsu ya fara yaɗuwa, yau ga shi a wayoyin talakawa. Wannan kuwa hujja ce a gare ka ka jira. Abin da ya yi amfani zai iso ka bayan shekara biyu ko uku a kan rabin kuɗi, wanda bai yi ba zai mutu a hannun waɗanda suka biya kuɗin gwaji.

Game da masu cewa babbar waya na jawo girma a idon abokin ciniki, ba zan daɗe ba. Alhazan da ke sauke tirela goma a mako da yawansu ƙaramar Nokia ce a aljihun gaba, kuma ba wanda ya fasa ba su kaya bashi. Wayar da ke walƙiya a baya, a cikin cunkoson Upper Iweka a Anaca ko tashar Mile 3, idon da take jawowa ba na abokin ciniki ba ne, kuma layin da ke cikinta shi ne makullin asusunka.

Saboda haka in ka tara kuɗin kuma ranka ya tsaya a kan wata waya, fara da teburin mai gyara, ba shagon mai sayarwa ba. Ka sami wanda ba shi da wayar sayarwa, ka gaya masa sunanta da lambarta. Tambaye shi nawa ne sikirinta, yau za a samu ko sai an yi oda, batirinta fa, ya taɓa buɗe irinta? In ya yi shiru yana kallon sama, ka sami amsa. Ka zagaya wurin mutum biyu ko uku, domin wani zai ce maka akwai don kawai kada ya ce bai sani ba. In ka wuce wannan, a shagon ka sa layinka na MTN ko Airtel ko Glo ka ga 4G ta fito, ka yi kira, ka sauke manhajar bankinka ka shiga kafin ka biya. In ta hannu ce, danna *#06# ka gwada lambar da ta fito da wadda ke jikin kwali, ka tabbatar mai ita ya cire asusunsa na Google a gabanka, kuma ka karɓi rasit mai sunan shago da wannan lambar a rubuce. Wayar sata ana bin sawunta, kuma wanda aka same ta a hannunsa shi ake fara kamawa. Baƙo a garin mutane, wanda ba lallai ya sami mai tsaya masa a ofishin 'yan sanda da wuri ba, ya fi kowa buƙatar wannan takarda, ko da mai sayarwar ɗan garinsu ne.